Mai Yasar Kogi

Shekara talatin da ɗaya ina yasar kogin Tuo,
ina kwashe laka don jiragen gishiri su isa Luzhou.
Na san yadda yashi ke taruwa,
ƙwaya bayan ƙwaya,
ba sallama, ba gaggawa.
Ban san yana taruwa a ƙirjina ba.

Matakala arba'in da biyu daga bakin ruwa zuwa ƙofarmu.
Bara a ta talatin nake hutawa.
Bana a ta sha huɗu aka ɗora mini dutsen niƙa,
hannun hagu ya yi tsami har ƙaramin yatsa.
Na duƙa kamar mai ɗaure igiyar takalmi
don kada Suzhen ta hango ta taga.
Ta hango.

A babban asibiti aka nuna mini hoton zuciyata,
rassa uku, ɗaya ya tsuke kamar wuyan kwalba.
Na ce da yaron likitan, wannan taswirar na san ta,
nan ne jirgi ke kafewa.
Suka zura siririyar waya ta wuyan hannuna,
suka buɗe hanya,
suka sallame ni da ƙwayoyi kala huɗu.

Hanya ta buɗe, ƙarfi bai biyo ta ba.

Bayan kasuwar kifi, shagon tsohuwa Qiu,
aljihunan katako har rufi,
ƙamshin busasshen ɓawon lemo da ƙurar saiwa.
Ta ɗora yatsu uku a jijiyata, ta lumshe ido
kamar mai sauraren maƙwabta ta bango.
Fito da harshe, ta ce.
Gefensa ya yi shuɗi.
Jini ya kwanta, in ji ta,
kuma iskar da ke kora shi ta gaji.

Ta ɗebo jar saiwar da suke kira danshen,
ta zuba a ma'aunin tagulla,
sai hannunta ya tsaya.
Me suka ba ka a can?
Suzhen ta zazzage jaka a kan tebur.
Tsohuwa ta sa tabarau,
ta karanta kwalaye ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi,
ta mayar da jar saiwa aljihunta, ta tura da gwiwa.
Wannan 'yar farar tana tsinka jini,
saiwata ma aikinta ke nan.
In suka haɗu, madatsa ce za ta ɓalle.
Kada ka bar nasu don nawa.
Ta rubuta abin da za ta ba ni,
ta ce sai yaron likitan ya gani kafin tukunya ta hau wuta.

Sannan ta tambayi abin da babu wanda ya tambaya:
yaushe rabonka da barci?
Na ce tun ranar da aka yanka jirginmu
aka sayar wa masu narkar da ƙarfe.
Ba ta ce komai ba.
Ta ƙara 'yan ƙwallayen magarya a ƙunshin.

Yanzu tukunyar ƙasa na ɓararraka da asuba,
kofi uku su ƙone su koma ɗaya.
Ɗacinsa har kunne.
Suzhen ta ɓoye taba, ta kori kitsen alade daga miya,
tana jera ƙwayoyi a gefen kwanon baƙin ruwa,
kowa da sa'arsa.
Surukina ya ce ruwan itace ne kawai.
Maƙwabcina ya ce ƙwayoyin ne guba.
Ni dai ban san wa ke riƙe da wane gefen kwale-kwale ba,
kuma ba na tambaya a tsakiyar kogi.

Jiya na sauka bakin ruwa.
Yashi ya fara tsibiri a ƙasan tsohuwar gada,
babu mai kula.
Na daɗe ina kallonsa, mun san juna.

A dawowa na wuce ta sha huɗu,
na wuce ta ashirin.
A ta ashirin da uku na duƙa.
Taga ta buɗe da ƙarfi.
Na ɗaga ƙafa don ta gani:
igiyar ce ta kwance.